Garkuwar tare harsashi ga 'yan sanda: babba mara nauyi ko ƙarama mai tare AK-47?

Duk lokacin da wata gwamnatin jiha ta yi bikin raba kayan aiki ga jami'an tsaro, abin da ido ke fara gani shi ne motocin sintiri da babura a jere, sai rigunan sulke da hulunan kwano a kan tebur. Ba kasafai ake ganin garkuwar hannu mai tare harsashi ba. Idan kuma an tashi sayenta, tambayar da ta fi kowacce muhimmanci ita ake yawan tsallakewa: wane harsashi take tarewa? Za ka ga garkuwa biyu, duka baƙaƙe, kowacce da sunan runduna da farin fenti a gabanta, amma ɗaya harsashin AK-47 zai ratsa ta ya ratsa wanda ke bayanta, ɗayar kuwa a jikinta zai maƙale. Ido ba ya rarrabe su. Masu zama a kwamitin sayen kaya da kwamandojin da za su tura yaransu bayan wannan garkuwa, su nake so mu yi wannan lissafi tare.

Mu fara fitar da wadda ba ta cikin zance. Garkuwar 'yan kwantar da tarzoma, wadda ake hango mutum ta cikinta, roba ce mai tauri da ake kira polikabonet, kaurinta 'yan milimita ne kawai. Don jifa da sanda da kwalba aka yi ta, ko harsashin fistol ba ta tarewa. Aikinta daban ne, kuma bai kamata jami'i ya ɗauke ta zuwa inda ake harbi ba.

Abin da lambobin ke nufi

Ma'aunin da yawancin masu ƙera wannan kaya ke jingina da shi na Amurka ne, na cibiyar NIJ da ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'ar ƙasar. A 1985 ta fitar da ƙa'ida mai lamba 0108.01 don gwada kayan da ke tare harsashi, kuma da ita aka daɗe ana auna garkuwa. Matakai uku ne suka shafe mu. Mataki na IIIA ana gwada shi da harsashin fistol mai milimita 9 da na .44 Magnum, kowanne yana gudun kusan mita 426 a sakan. Mataki na III ana gwada shi da harsashin babbar bindiga, 7.62x51, yana gudun mita 838 a sakan, harbi biyar. Mataki na IV kuwa da harsashin .30-06 mai fasa sulke, harbi ɗaya tak.

Ga tarkon farko. Mutum zai ga IIIA ya ɗauka ya fi III, tunda an ƙara masa harafi. Ba haka ba ne. IIIA yana ƙasa da III, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar fistol da bindigar yaƙi.

Harsashin fistol mai milimita 9 da na AK-47 nauyinsu kusan ɗaya ne, giram 8 kowanne. A gudu suka rabu: na fistol yana fita da mita 350 zuwa 400 a sakan, na AK yana fita da kusan 715. Tunda ƙarfin bugu yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, na AK yana isowa da ƙarfi kusan ninki huɗu. Ba nan kaɗai ta tsaya ba. Harsashin fistol kansa a dunƙule yake, cikinsa dalma ce mai laushi, da ya bugi garkuwa sai ya baje, zaruruwa masu yawa su taru su riƙe shi. Na AK yana da tsini, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai da Sin akwai ƙwayar ƙarfe a cikinsu. Irin wannan ba ya bajewa da sauƙi, tsaga zaruruwan yake yi ya wuce.

A nan tsohuwar ƙa'idar take da giɓin da ya shafe mu kai tsaye: a gwajin mataki na III babu harsashin AK ko ɗaya. Garkuwa tana iya cin wannan jarrabawa ba tare da an taɓa harba mata 7.62x39, wato harsashin AK, mai ƙwayar ƙarfe ba. Wannan giɓi ya sa kamfanoni suka ƙirƙiro sunan III+, wanda ba mataki ba ne na NIJ, sunan kasuwa ne, kowane kamfani da abin da yake nufi da shi. A 2023 NIJ ta sake tsara matakan da sababbin sunaye. HG1 da HG2 na fistol ne, kuma HG2 shi ya gaji IIIA. RF1 da RF2 da RF3 na manyan bindigogi ne. A RF1 dole kaya ya tare harsasai iri uku: 7.62x51, da 5.56 samfurin M193, da 7.62x39 mai ƙwayar ƙarfe, wato na AK. RF2 ya ƙara da 5.56 samfurin M855 mai ƙarfe a baki. RF3 ya gaji mataki na IV. Idan kayan daga Turai suke, ma'aunin VPAM na Jamus za a gani, kuma mataki na 6 a can shi ne na harsashin AK mai ƙwayar ƙarfe.

Babbar mara nauyi

Garkuwar IIIA tana da abubuwan yabo da bai kamata a raina ba. Girman da aka fi sani shi ne faɗin santimita 50 da tsayin 90 ko fiye, nauyinta kuma yawanci tsakanin kilo 6 da 10, gwargwadon tagarta da fitilarta. Idan jami'i ya ɗan rage tsawo a bayanta, tana rufe shi daga kai zuwa kusan gwiwa, har wanda ke biye da shi ya samu inuwa. Ana iya riƙe ta tsawon lokaci ba tare da hannu ya mutu ba, ana iya juya ta da sauri a bakin ƙofa, tagarta kuma babba ce, mutum yana ganin gabansa sosai. Tana tare fistol, tana tare wuƙa da adda da gora da jifa, a mafi yawan lokuta ma har ƙwayoyin dalmar bindigar farauta. Ga araha, idan aka kwatanta da 'yar'uwarta.

A ƙasar da yawancin masu laifi fistol suke ɗauka, wannan garkuwa ta wadatar a mafi yawan kira. Shi ya sa ta cika kasuwa, shi ya sa kuma ita ɗan kwangila zai fara kawo muku. Amma makamin da ɗan sandan Najeriya ke fuskanta a hannun 'yan fashin banki da masu satar mutane da 'yan bindigar daji ba ɓoyayye ba ne. A harin Offa na jihar Kwara, ranar 5 ga Afrilun 2018, 'yan fashi sun fara afka wa ofishin 'yan sanda kafin su shiga bankuna, aka kashe mutum 33, cikinsu har da 'yan sanda 9, kuma da AK-47 suka zo. A gaban irin wannan makami garkuwar IIIA ba ta da wani amfani, har ma tana da illa: ta cinye hannu ɗaya, ta rage gudu, ta kuma sa jami'i ya tsaya a fili inda da ya san gaskiyarta zai nemi bango. Ana cewa da babu gara ba daɗi, to ban da nan. Wanda ya san ba shi da kariya yana taka-tsantsan, wanda aka ruɗa da kariyar da ba ta kai ba shi ke miƙewa tsaye.

Ƙarama mai tare babbar bindiga

Don a tare harsashin AK sai an ninka kaurin kayan sau uku ko fiye, nauyi kuma ya biyo baya. Masu ƙira ba su da mafita sai rage girma. Shi ya sa garkuwar mataki na III da ake riƙewa da hannu ɗaya takan zo da faɗin santimita 40 da tsayin 75 ko makamancin haka. Idan ka auna faɗi da tsayi tare, kashi ɗaya cikin uku na girman fuskar babbar ya tafi. Abin da ya rage yana rufe kai da ƙirji da ciki. Cinya da gwiwa da ƙwauri a waje suke, kafaɗar da ke riƙe da bindiga ma haka.

Wannan rashi ne na gaske, ban ɓoye shi ba. Harbi a cinya yana iya kashe mutum cikin 'yan mintuna idan ya tsinka babbar jijiyar jini. Amma a lura da abin da garkuwar ta rufe: fuska, da wuya, da hammata, wuraren da rigar sulke ba ta kai wa. Farantin da ke cikin rigar sulke faɗinsa kusan santimita 25 ne da tsayin 30, iyakar zuciya da huhu. Ƙaramar garkuwa ta ninka shi kusan sau huɗu. Mutumin da zai fara sa kai a ƙofar da ake jiran sa da AK a bayanta, wannan bambanci shi ne komai a wurinsa.

Nauyinta ya dogara ga abin da aka yi ta da shi, kuma a nan ne zaɓi na biyu yake, wanda a ganina ya fi na farko wuya.

Ƙarfe shi ne mafi araha, kuma yana jure wulaƙanci: a jefa shi bayan mota, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, yana nan. Sai dai ƙarfen sulke mai kaurin milimita 6 yana kai kusan kilo 47 a kowace murabba'in mita. Garkuwa mai 50 da 90 za ta haura kilo 21 tun kafin a sa mata mariƙi da taga. Cika jarkar lita 20 da ruwa, ka rataya ta a damtse ɗaya, ka ɗaga ta daidai fuskarka, sannan ka yi tafiya a sunkuye kana saitin bindiga da ɗaya hannun. Ko a ƙaramin girma nauyinta kilo 14 ne. Ga kuma wata matsala: harsashi idan ya bugi ƙarfe tarwatsewa yake yi, ɓarɓashinsa ya bi fuskar farantin ya fantsama sama da ƙasa da gefe, wato ƙafar mai riƙewa da jikin abokan aikinsa. Ana shafa wa ƙarfen roba mai kauri don ta kama ɓarɓashin, amma hakan ƙarin nauyi ne, kuma shafin yana ɓarewa bayan harbi kaɗan. Sannan harsashin 5.56 samfurin M193, saboda tsananin gudunsa, yana iya huda ƙarfen da ya tare wanda ya fi shi girma.

Aramid, wanda aka fi sani da sunan Kevlar na kamfanin DuPont, zare ne da Stephanie Kwolek ta gano a 1965. Yana jure zafi ƙwarai, amma danshi da hasken rana suna rage masa ƙarfi idan rufinsa ya tsage. Gwanin tare fistol ne. Shi kaɗai ba a yin garkuwar babbar bindiga da shi a nauyin da mutum zai iya ɗauka.

Polietilin mai dogon zare, wanda ake sayarwa da sunan Dyneema ko Spectra, shi ya sauya lissafin. Ana shimfiɗa zaruruwan faifai-faifai, kowane faifai ya gitta na ƙasansa, a matse su da zafi har su zama allo guda. Bai kai ruwa nauyi ba, yawo yake yi a kansa. Allon da zai tare babbar bindiga kaurinsa yakan kai santimita 2 ko ɗan fiye, amma nauyinsa bai kai rabin na ƙarfe ba, don haka ƙaramar garkuwa, haɗe da mariƙi da sauran kayanta, takan tsaya a kilo 7 zuwa 10. Idan ka duba wadda aka harba, a gaba ɗan rami ne wanda yatsa ba zai shiga ba, a baya kuwa kumburi ne kamar an tura dunƙulen hannu daga ciki, faifan sun ɗan rabu da juna, harsashin yana kwance a tsakiya. Ba ɓarɓashi, ba abin da ya dawo. Wannan kumburi shi ya sa dole a samu tazara ko matashin soso tsakanin allon da damtsen mai riƙewa, in ba haka ba garkuwa ta tare harsashi amma ƙashin hannu ya karye.

Raunin polietilin biyu ne. Na farko, harsasai masu ƙarfe mai tauri a baki, kamar M855, suna iya ratsa shi idan shi kaɗai ne, kuma harsashin AK mai ƙwayar ƙarfe ma ba kowane allo ke tare shi ba, sai wanda aka yi don hakan aka kuma gwada. Na biyu shi ne zafi, kuma wannan namu ne. Polietilin yana narkewa a wajen digiri 130 zuwa 145 a ma'aunin Salshiyas, amma tun kafin a kai can, daɗewa a zafin da ya haura 70 zuwa 80 yana taɓa ƙarfinsa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu zafin inuwa yana wuce 40. Baƙar garkuwa da aka yasar a buɗaɗɗen bayan Hilux, ko aka jingina da gilashin motar da aka rufe a rana tun hantsi har la'asar, kullum, wata da watanni, ana cinye mata kwana. Wanda zai sayi polietilin ya sayi jakarsa, ya kuma tanadi wurin ajiya a cikin mota inda rana ba ta kai.

Tangaran shi ne na ƙarshe. Ana manna faranti mai tsananin tauri, na alumina ko silikon kabaid ko boron kabaid, a gaban allon polietilin ko aramid. Tangaran ɗin ya farfasa bakin harsashin, allon baya ya kama gutsattsarin. Da shi ake kai wa RF2 a mafi yawan lokuta, RF3 kuwa kusan ba a kai masa sai da shi. Amma yana da nauyi, yana da tsada, kuma idan ya faɗi a kan siminti yana iya tsagewa a ciki ba tare da an ga alama a waje ba. A rundunar da kaya ke wucewa daga hannu zuwa hannu ba mai rubuta abin da ya same su, wannan babban haɗari ne.

Darasi biyu daga waje

A daren 13 ga Nuwamban 2015, maharan da suka shiga gidan rawa na Bataclan a birnin Paris da bindigogi ƙirar Kalashnikov sun kashe mutum 90, biyu daga cikinsu kuma suka tsare wasu mutane a wata siririyar baranda a bene. Rundunar BRI ta 'yan sandan Paris ta tura garkuwa mai taya da suke kira Ramses, mai nauyin kusan kilo 80, jami'ai suna jere a bayanta. An ƙirga gurbin harsashi 27 a jikinta, ba wanda ya ratsa, kuma aka fitar da mutanen da aka tsare a barandar da ransu. Wannan ita ce shaidar abin da babbar garkuwa mai taya take iya yi. Amma a cikin wannan samame, da aka iso wasu 'yan matakala, garkuwar ta kife gaba, jami'an suka ƙarasa ba ita. A cikin gini mai daɓe ke nan. A unguwannin da lungu ke cike da yashi da kwata, ga dokin ƙofa a bakin kowane zaure, taya ba za ta yi nisa ba. Irin wannan garkuwa ta runduna ta musamman ce a babban birni, don banki ko otal ko filin jirgi, guda ɗaya ko biyu sun isa. Ba kayan ofishin yanki ba ce.

Na biyu ya fi ciwo. Ranar 24 ga Mayun 2022, wani ɗan bindiga ya shiga makarantar firamare ta Robb a garin Uvalde na jihar Texas da bindiga ƙirar AR-15, ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'ai 376 ne suka hallara, amma sai bayan minti 77 aka shiga ajin. Garkuwa ta farko ta iso da ƙarfe 11:52 na safe, wasu suka biyo baya, amma rahoton kwamitin majalisar wakilan Texas ya nuna cewa guda ɗaya ce kawai a cikinsu aka yi don babbar bindiga, ita kuma ba ta iso ba sai wajen 12:20. Ko bayan isowarta an ƙara kusan rabin sa'a kafin a buɗe ƙofar da ƙarfe 12:50. Bayan wata ɗaya, gwamnatin Texas ta ware dala miliyan 50 don sayen garkuwa.

Abu biyu ake ɗauka daga Uvalde, kuma ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Kayan da ke kusa ba su dace da makamin da ke cikin ajin ba, wanda ya dace kuma yana nesa. Amma masu bincike sun fito fili sun ce jiran kansa kuskure ne: ana kashe yara, ba a tsayawa jiran kaya. Saboda haka garkuwar da za ta yi amfani ita ce wadda ke cikin motar da ta fara isa, a hannun mutumin da ya saba da ita. Wadda ke kulle a ma'ajiyar makaman hedkwata, makulli a aljihun wanda ya tafi gida, lissafin kuɗi kawai ta cika.

To wacce za a saya?

Ga rundunonin da ke kai samame gida ko maɓoyar masu satar mutane a cikin gari, da masu amsa kiran fashin banki, zaɓina ƙaramar garkuwar polietilin ce wadda aka gwada da 7.62x39 mai ƙwayar ƙarfe, wato RF1 ko VPAM 6 zuwa sama, nauyinta kada ya wuce kilo 10. A kasuwar Amurka farashinta yakan ninka na IIIA sau biyu ko uku. Idan kuɗin da ke hannu na IIIA guda 30 ne, gara a sayi waɗannan guda 10 a raba su ga motocin da ke fita aiki. Tawaga ɗaya ba ta bukatar fiye da ɗaya ko biyu, domin wanda ke gaba ne kawai ke riƙewa.

IIIA tana da wurinta. Kama mutumin da ya kulle kansa a ɗaki da wuƙa ko adda, rikicin 'yan daba, aikin gidan gyaran hali, tunkarar mai taɓin hankali da ke riƙe da makami ba tare da an harbe shi ba: a duk waɗannan faɗinta da rashin nauyinta sun fi amfani, kuma tana ba jami'i damar ya matsa kusa ya yi magana maimakon ya danna kunama. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye 'yan kaɗan. Sharaɗin shi ne a yi mata alama mai girma a ciki, inda mai riƙewa zai gani, da fenti mai launi dabam, don kada a ɗauke ta cikin gaggawa da dare zuwa inda ake ruwan AK. Garkuwar da ake naɗewa kamar jaka, wadda masu tsaron manya ke ɗauka, ita ma yawanci a wannan mataki take.

A daji kuwa, babu ɗaya daga cikinsu da zan ba shawarar a kashe wa kuɗi. Garkuwa tana aiki ne inda aka san ta gaba harbi zai zo: ƙofa, baranda, matakala, gefen mota. A fili harbi yana zuwa ta ko'ina, tafiya ta kilomitoci ce, kuma mai garkuwa ya rasa hannun da zai riƙe babbar bindiga da kyau. Sannan bindiga mai jigida da ta harbo jirgi da ake girkawa a mota sun fi ƙarfin duk abin da hannu zai ɗauka. Dakarun tsaron al'umma irin waɗanda Katsina ta kafa a 2023 da Zamfara a 2024, da 'yan sandan da ke aiki tare da su, sun fi bukatar faranti mai kyau a rigar sulke, da hular kwano, da na'urar sadarwa, da maɗaurin tsayar da jini. A shingen bincike ma, buhunan yashi da aka jera da kauri sun fi kowace garkuwar hannu, kuma kusan kyauta suke.

Taga, mariƙi da takarda

Taga tana ba mai riƙewa damar ganin gabansa ba tare da ya leƙo da kai ba, amma gilashin da zai tare babbar bindiga yana kai kaurin santimita 4 zuwa 5, yana ƙara nauyi a can sama inda ya fi gajiyar da hannu, kuma harbi ɗaya ya ishe shi ya yi fari fat. A garkuwar IIIA taga ta cancanci nauyinta. A ƙaramar ta babbar bindiga, da yawa sun fi son mara taga, mai ɗan yanke a gefen sama inda za a ɗora bindiga. Wanda ya zaɓi wannan sai ya haɗa da hular kwano mai kyau, domin ido da goshi za su riƙa fitowa.

A juya garkuwar a dubi bayanta. Mariƙin ya yi daidai da na dama da bahago? Akwai maɗaurin da zai ɗora nauyin a kafaɗa lokacin jira, kuma ana iya kwance shi da hannu ɗaya idan mutum ya faɗi? Notinan da suka riƙe mariƙin sun huda allon ne? Kowane rami wuri ne mai rauni. Tsohuwar ƙa'idar 1985 faifan kaya take gwadawa, ba ta tilasta a harbi gefe ko noti ko mahaɗar taga ba. Don toshe wannan ne ƙungiyar ASTM, mai tsara ƙa'idojin gwajin kaya, ta fitar da hanyar gwaji mai lamba E3141 da ƙa'ida mai lamba E3347, waɗanda ke sa a harbi cikakkiyar garkuwa a waɗannan wurare. Fitila kuma a zaɓi wadda batirinta ke samuwa a kasuwa, ba wadda sai an aika waje ba.

Sai batun takarda. NIJ tana da jerin rigunan sulken da ta amince da su, amma ba ta ba garkuwa irin wannan shaida. Duk wanda ya ce muku garkuwarsa tana da shaidar NIJ, abin da zai iya nufi kawai shi ne wani ɗakin gwaji ya gwada ta bisa ƙa'idar NIJ. To a nemi rahoton ɗakin gwajin, a ga sunansa, da kwanan wata, da samfurin da aka gwada, da irin harsashin, da gudunsa, da yawan harbin, a kuma tabbatar samfurin da ke takarda shi ne wanda aka kawo. A jikin kowace garkuwa a samu lambarta da ranar ƙira, domin garantin yawancinsu shekara 5 ne, kuma ana iya sayar muku da wadda ta cinye rabin wa'adinta a sito. Shigo da irin wannan kaya Najeriya yana bukatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, sai a sa lokacinta cikin lissafi. Masu ƙera kayan sulke a gida, irin su DICON a Kaduna da Proforce a jihar Ogun, sun cancanci a tuntuɓe su, tunda gyara da musanya sun fi sauƙi a kusa, kuma ma'aunin da za a ɗora wa na waje shi za a ɗora musu.

Kuɗin horo ya shiga cikin kuɗin saye tun farko. Mai garkuwa sai ya koyi harbin fistol da hannu ɗaya, da sauya gidan harsashi ba tare da ya sauke kariyarsa ba, da tafiya a sunkuye gwiwa a lanƙwashe, da shiga ƙofa ba tare da gefen garkuwar ya maƙale ba. Na bayansa su koyi tsayawa a inuwarta da karɓar ta idan ya gaji, domin ko kilo 8 ne, bayan 'yan mintuna a ɗage hannu yana fara rawa, garkuwar ta riƙa sauka daga fuska ba tare da mai ita ya ankara ba.

A cikin yarjejeniyar kwangila kuma a rubuta sharaɗi ɗaya ƙarara: idan kaya suka iso, kwamiti ne zai zaɓi guda ɗaya da hannunsa daga cikin tarin, ba ɗan kwangila ba. A kai ta filin harbi, a kafa ta a mita 15, a harba mata harsashin AK irin wanda ake ƙwacewa a hannun 'yan bindigar yankin, a tsakiya, da kusa da gefe, da kan noti, a gaban jami'an da za su riƙa ɗaukarta. Idan harsashi ɗaya ya fita ta baya, a mayar da kayan gaba ɗaya kafin a biya ko kwabo.